Daga Bakin Teku Zuwa Gure: Jiran Motar Tsere da Karɓar Makullinta

Garin Gure yana kan babbar hanyar ƙasa mai lamba 1, wadda ake kira Hanyar Haɗin Kai, fiye da kilomita 160 gabas da Damagaram, sama da kilomita 1,000 daga Yamai. Duk wanda ya zauna bakin wannan hanya daga hantsi zuwa la'asar zai ga irin motocin da ƙasar ta saba da su: manyan motoci masu ɗauke da kanwa da dabino da tattasan Diffa, bas-bas na kamfanonin sufuri, Land Cruiser da Hilux na ƴan kasuwa da ma'aikatan hukuma, ga kuma babura da amalanke suna ratsawa a tsakani. Abu ɗaya ya haɗa motocin nan duka, shi ne cikinsu ya yi nisa da ƙasa. Masu su sun san kwalta tana ƙarewa da zarar an kauce wa babbar hanya, kuma daga nan sai rairayi.

To, ƴan'uwa masu karatu, akwai wata irin mota da ta saɓa wa wannan tsari gaba ɗaya, wadda Faransawa ke kira «voiture de sport», mu kuwa muka fi saninta da motar tsere. Samarinmu suna kallon hotunanta a wayar salula, masu hali kuma sukan yi sha'awar mallakarta. A ce wani ɗan kasuwa na Gure ya ƙudura niyyar sayo irinta sabuwa daga Turai. Me zai tarar tsakanin ranar da ya biya kuɗi da ranar da za a miƙa masa makulli a ƙofar gidansa? Amsar tana da amfani har ga wanda bai taɓa mafarkin irin wannan mota ba, domin hanyar da za ta bi ita ce hanyar da taya da batir da kayan gyaran kowace mota ke bi kafin su iso kasuwarmu.

Wace irin mota ce

Motar tsere ta kan titi ba ita ce wadda ake gasa da ita a fili ba, amma jininsu ɗaya. Yawanci ƙofa biyu gare ta, da kujera biyu, ko kuwa biyu manya a gaba da biyu ƙanana a baya waɗanda yaro kaɗai ke iya zama a kansu. Injinta yana da ƙarfin doki 300 ko 400 ko fiye, jikinta kuwa ba nauyi. Wadda ta fi suna ita ce Porsche 911, da ake ƙerawa a birnin Stuttgart na Jamus tun 1964, wadda gudunta ke kai wa kusan kilomita 300 a awa ɗaya. A Amurka akwai Ford Mustang, ita ma a 1964 aka fara sayar da ita. Don kada iska ta shiga ƙarƙashin mota ta ɗaga ta sa'ad da take gudu, maƙera suna kwantar da ita ƙasa ƙwarai. Tsakanin cikin 911 da kwalta bai fi santimita 12 ba, wato faɗin tafin hannu da ɗan ƙari. Land Cruiser tana da fiye da santimita 20. A riƙe wannan lissafi, za mu sake bukatarsa.

Irin waɗannan motoci ba a jibge su a shagunan Yamai suna jiran mai saye. Wanda ke son sabuwa fil sai ya nemi dillali a Turai, ya zaɓi launi da kujeru da girman inji, ya ba da kafin alƙalami, sannan a sanya shi cikin layin masana'anta. Wannan layi kaɗai yana cin watanni. Kuɗin kuma ba a aljihu ake kai su ba, ta banki suke bi, da takardun da ke nuna abin da aka saya. Tun 1999 euro ɗaya yana daidai da sefa 655.957, saboda haka mai saye ya san abin da zai biya tun daga farko. Manya daga cikinmu suna tune da watan Janairu na 1994, sa'ad da aka karya darajar sefa da rabi cikin dare ɗaya: wanda ya yi odar kaya bai gama biya ba, ya wayi gari bashinsa ya ninka.

Mafi yawan masu saye ba su bin wannan hanya. Sukan nemi wadda aka ɗan yi amfani da ita, daga kasuwar tsofaffin motoci ta Beljiyam ko daga gwanjon Amurka. A nan jira ya fi gajarta, haɗari kuma ya fi yawa, domin a gwanjon Amurka ne kamfanonin inshora ke sayar da motocin da suka yi karo ko waɗanda ambaliya ta shanye. Fenti yana rufe karo, amma ruwan da ya shiga wayoyin lantarki yakan yi shiru ne har motar ta iso hannun sabon mai ita.

A kan teku

Daga masana'anta ko kasuwa, mota tana zuwa tashar jiragen ruwa: Anbers a Beljiyam, ko Bremerhaven da Emden a Jamus. Akwai jiragen da aka ƙera don motoci kaɗai, masu hawa-hawa kamar bene, inda ake tuƙa mota ta shiga da ƙafarta ta kuma fita da ƙafarta. Mai mota mai tsada yakan fi son a kulle ta cikin kwantena, ko da kuɗin sun fi yawa, don kada hannaye su taɓa ta a hanya. Daga Anbers zuwa gaɓar Afirka ta Yamma tafiyar mako biyu zuwa uku ce, gwargwadon tashoshin da jirgin zai tsaya. Abin da mai saye ke riƙe da shi a wannan lokaci takarda ce guda, takardar jirgi da ake kira «connaissement». Wanda sunansa ke kanta shi ne mai kaya a idon doka. Mutumin da ya biya miliyoyi amma ya bari aka rubuta sunan dillali a kan takardar nan, to amana kaɗai ya saya.

Teku kuwa ba ta san attajiri ba. Ranar 16 ga Fabrairu 2022 wuta ta kama wani jirgi mai suna Felicity Ace kusa da tsibiran Azores na ƙasar Fotugal, yana kan hanya daga Emden zuwa Amurka da motoci wajen 4,000, daga ciki har da Porsche kusan 1,100. An ceci ma'aikatan jirgin su 22, amma jirgin ya nutse ranar 1 ga Maris da dukan kayansa. Mutanen da suka yi watanni suna jira suka koma ƙarshen layi. Kamfanin Lamborghini na Italiya ma sai da ya sake buɗe aikin wata mota da ya riga ya daina ƙerawa, don ya maye gurbin guda 15 da suka tafi ƙasan ruwa. Waɗancan masu saye suna da inshora da kamfani a bayansu. Namu mai saye, in bai biya inshorar teku ba, sai dai ya yi haƙuri.

Ƙofar Kwatano

Nijar ba ta da teku, saboda haka duk motar da ta taso daga Turai sai ta sauka ƙasar wani. Shekaru da yawa ƙofarmu ita ce Kwatano. Dogon jirgin ƙasa daga Kwatano ya isa Paraku a 1936, tsawon kilomita 438, daga nan manyan motoci ke ɗaukar kaya zuwa arewa. An gama gadar da ta haɗa Malanbil da Gaya a 1958, aka kafa hukumar haɗin gwiwar jirgin ƙasa ta Dahome da Nijar a 1959, aka buɗe babbar tashar jiragen ruwa ta Kwatano a 1965. Ta wannan hanya, daga bakin teku zuwa Gure wajen kilomita 1,800 ne: Paraku, Malanbil, Gaya, Doso, Dogon Dutsi, Birnin Ƙwanni, Maraɗi, Tasawa, Damagaram.

Kafin Kwatano ta ƙwace kasuwar motoci, akwai wata hanya da dattawa ke tunawa. A shekarun 1970 da 1980 samarin Turawa sukan sayi tsohuwar Peugeot 404 ko 504 a ƙasarsu, su ƙetare Bahar Rum, su ratsa Aljeriya ta Tamanrasat, su shigo ta Asamaka, su sayar da ita a Arlit ko Agadas ko Damagaram, su koma gida a jirgin sama da kuɗin. Mai saye a wancan zamani yana ganin motar da idonsa, kuma ya san ta riga ta ci jarrabawar hamada. Rikicin Aljeriya da tawayen arewa a farkon shekarun 1990 suka kashe wannan ciniki.

Daga nan kasuwar Kwatano ta bunƙasa, har a 2014 motocin da aka sauke a can suka haura 300,000. Ana jibge su a manyan filaye gabas da birnin, wajen Sekanji da Ekpe. Da yawa daga cikinsu ana rubuta cewa Nijar za su, amma da sun shigo sai su sake ƙetarawa Najeriya ta Ƙwanni ko ta kudancin Maraɗi da Damagaram. Wannan ciniki ya ciyar da dubban direbobi da dillalai da makanikai a garuruwanmu, ya kuma kawo wa baitulmali kuɗin shiga. Ya sami rauni tun ranar 1 ga Janairu 2017, sa'ad da Najeriya ta hana shigo da motoci ta iyakokin ƙasa.

A tashar ruwa mai saye ba ya iya fitar da kayansa da kansa. Sai ya ɗauki dillalin duwan mai lasisi, wanda ake kira «transitaire», shi ke bin ofis-ofis da takardu. Akwai kuma takardar bin sawun kaya ta hukumar CNUT, mai kula da bukatun masu shigo da kaya na Nijar. Tashar tana ba da ƴan kwanaki kyauta. Bayansu kowace rana da kuɗin ajiyarta, kwantena ma da kuɗin jinkirinta. Harafi ɗaya da ya saɓa tsakanin takardar saye da takardar jirgi ya isa ya tsayar da mota mako guda, kuɗin ajiya kuwa ba su tsayawa jiran gyara.

Sa'ad da gada ta rufe

Bayan sauyin mulki na 26 ga Yuli 2023, ƙungiyar CEDEAO ta ƙaƙaba wa Nijar takunkumi ranar 30 ga watan, aka rufe gadar Malanbil. Manyan motoci suka yi jerin gwano na kilomitoci a gefen Benin, kayan da ke tashar Kwatano suka maƙale. Mutane da ƙananan kaya suka koma ƙetare kogi da kwale-kwale, abin da mai mota ta miliyoyi ba zai yarda a yi da tasa ba. An ɗage takunkumin ranar 24 ga Fabrairu 2024, amma hukumomin Nijar suka bar iyakar a rufe ta gefensu, bisa dalilan tsaro, haka ta zauna cikin 2024 da 2025.

Kaya suka koma sauka a Lome ta ƙasar Togo. Daga can sai arewa zuwa Burkina Faso, a bi ta Kaya da Dori, a shigo ta Tera, a iso Yamai, tafiyar wajen kilomita 1,500. Saboda matsalar tsaro a yankin, mota ba ta tafiya ita kaɗai. Ana tara ɗaruruwa wuri ɗaya har sai sojojin rakiya sun shirya, sannan ayari ya tashi. Tafiyar da a da ake yi cikin kwanaki ta koma ta makonni, wani lokaci ta haura wata. In an ƙara nisan Yamai zuwa Gure, motar ta ci wajen kilomita 2,500 tun daga bakin teku.

Wannan jira shi ne mafi ɗaci, domin ba shi da ranar ƙarewa. Masana'anta tana ba da wata, jirgi yana ba da rana, amma ayari ba ya alkawari. Mai saye yana Gure da waya a hannu, yau a ce masa motar tana Kaya, jibi a sake ce masa tana Kaya. Kuɗin da ya kamata su juya sau biyu ko uku a cinikin dabbobi ko hatsi suna kwance cikin kwantena a rana. A kasuwa kuma an riga an ji labari, kowa ya gan shi sai ya ce: «Alhaji, ina baƙuwar tamu?» Jiran saƙo daga teku tsohon abu ne a wannan ƙasa. Bature matafiyi Heinrich Barth, wanda ya sauka Gure a watan Disamba na 1852 zamanin Muniyoma Koso, da ya isa Damagaram sai da ya yi fiye da wata guda yana jiran kuɗinsa su iso ta hamada.

Lissafin duwan

Da mota ta shigo ƙasa, sai maganar fansa a duwan. A nan ne mutane da yawa ke gane cewa farashin da suka gani a Turai ba shi ne farashin mota ba. Ƴan duwan suna ɗora haraji a kan kuɗin saye haɗe da kuɗin jirgi da na inshora. Tsarin harajin bai ɗaya na ƙasashen UEMOA, wanda ya fara aiki a 2000, ya sanya kayan da aka gama ƙerawa, irin su motar shiga, a rukunin kashi 20 cikin 100. Bayan wannan akwai harajin TVA, wanda a Nijar kashi 19 ne, kuma ana ɗora shi ne a kan kuɗin motar haɗe da harajin farko.

Mu ɗauki misali bisa wannan ma'auni. Motar da ta iso a kan sefa miliyan 30, wato jika 30,000, ko euro 45,700 da ƴan kai: kashi 20 nata miliyan 6 ne, an sami miliyan 36. Kashi 19 na wannan kuma miliyan 6 da 840,000. Jimillar haraji biyun miliyan 12 da 840,000 ke nan, tun ba a sa ƙananan kuɗaɗe ba, irin su na ƙididdiga da kuma kashi 0.5 da ƙasashen AES suka amince da shi a watan Maris na 2025. Ba a sa ladan dillali ba, ba a sa kuɗin ajiya ba, ba a sa kuɗin ɗauko ta daga Lome ba. Mai karatu ya auna da kansa bijimai nawa za a kai kasuwar Subdu ko ta Gidigir kafin a haɗa harajin kaɗai.

Wasu sukan yi dabarar rage farashi a takarda. Dabarar ba ta cika yin amfani ba, domin ƴan duwan suna da ikon ƙin farashin da suka ga bai dace ba su yanke nasu, kuma motar da babu irinta biyu a jiha ba ta ɓuya. A ganinmu wannan haraji daidai ne. Wanda ya iya sayen abin ƙawa da kuɗin waje ya iya biyan rabon ƙasa, tun da kwaltar da zai taka ba shi ya shimfiɗa ta ba. Bayan duwan sai kartigiris da lamba da inshorar hanya da harajin shekara na «vignette», wanda ke ƙaruwa gwargwadon ƙarfin inji. A tsohon tsarin lamba, 7 ita ce ta Damagaram, 8 ta Yamai, kuma daga nesa ake gane inda mota ta fito.

Zango na ƙarshe

Daga Yamai mai saye yana da zaɓi biyu: a tuƙo motar, ko a ɗora ta a kan babbar mota. Zuciya tana son na farko, hankali yana nuna na biyu. Hanyar tana da wuraren da suka yi kyau, tana da waɗanda manyan motoci suka farfasa. A bakin kusan kowane gari akwai tudun rage gudu, wasu hukuma ta gina, wasu mutanen gari suka ɗora da hannunsu bayan wani haɗari, ba tare da awo ba. A nan santimita 12 ɗin nan ke dawowa. Tudun da Hilux ke hayewa direba bai ko ji ba, motar tsere sai ta karkace ta hau shi da taya ɗaya-ɗaya, duk da haka a ji cikinta yana gurzar siminti. Tayoyinta masu faɗi ne amma sirara a gefe, rami ɗaya yana iya fasa taya ya lanƙwasa ƙarfen da ke cikinta, kuma da yawa daga irin motocin nan ba su zuwa da tayar sauyi. Damina ma tana da nata hukunci: a watan Agusta na 2024 ambaliya ta yanke hanyar fita daga Yamai zuwa Doso na wasu kwanaki.

Bayan Damagaram sai Mirriya, Gidimuni, Gidigir, sannan Gure. Ranar da motar ta iso ba a bukatar sanƙira. Yara sun riga sun bi ta da gudu tun daga bakin gari, ƴan kabu-kabu sun kewaye ta, dattawa sun zo sa albarka. Sauke ta daga babbar mota ma aiki ne, don sai an nemi dogayen katakai ko tudun da ya dace, in ba haka ba haɓarta ta daki ƙasa tun ba ta yi taku ɗaya ba.

Cikin wannan hayaniya ne ya kamata mai saye ya natsu, domin da ya sa hannu a takardar karɓa, duk aibin da aka gani daga baya nasa ne. Abu na farko lambar shasi: haruffa da lambobi 17 ne, tsarin da aka daidaita tun 1981, ana ganinsu ta ƙasan gilashin gaba da jikin ƙofa. Dole su yi daidai da na kartigiris da na takardar duwan, ɗaya bayan ɗaya. A motocin kasuwar Amurka, na 10 a jerin shi ke nuna shekarar motar, ko dillali ya faɗi wata shekara dabam. Sai a duba makulli biyu ne ko ɗaya, don makullin irin motar nan yana da ƙwaƙwalwar lantarki, maƙerin kasuwa ba ya yanka shi. A ɗaga shimfiɗar ƙasa a duba laka ko tsatsa, a leƙa ƙarƙashi, a tayar da inji a ga ko fitilun gargaɗi duka sun mutu. Wanda ya bar wannan sai bayan walima ya makara.

Bayan biki

Da gari ya waye sai tambaya ta taso: ina za a je da ita? Gabas akwai kwalta zuwa Gudumariya da Maine Sorowa da Diffa har Ngigmi, ɓangaren da ƙasar Kanada ta taimaka aka shimfiɗa a shekarun 1970, fiye da kilomita 400. Yamma akwai Damagaram. Amma arzikin ƙasar Muniyo yana cikin kwaruruka masu dabino da kanwa, da rugagen makiyaya, da kasuwannin ƙauye, kuma hanyoyinsu rairayi ne. Cikin garin ma unguwanni da yawa rairayi ne har ƙofar gida. A kan kwaltar kanta, iska tana kwaso yashi ta zuba, raƙumi da jaki da garken shanu suna ƙetarawa ba sallama. Mai gudun kilomita 200 a awa yana cin fiye da mita 55 a daƙiƙa ɗaya. Kafin ƙafarsa ta kai birki ya riga ya isa inda amalanken yake, kuma a kan amalanken akwai ƴaƴan mutane.

Sai maganar mai. Tun ranar 28 ga Nuwamba 2011 jihar Damagaram take da matatar SORAZ, mai iya tace ganga 20,000 a rana daga ɗanyen man Agadem, kuma a watan Yuli na 2024 gwamnati ta sauke litar fetur zuwa sefa 499. Sai dai maƙeran motocin tsere suna son fetur mai lamba 98, ko aƙalla 95, mai tsabta. Man kwalba na ƴan ruwa-ruwa, wanda ya sha rana da ƙura a bakin hanya, babur yana haƙuri da shi, wannan inji ba ya yi. Ƙurar hunturu tana toshe matatar iska, zafin bazara mai haura digiri 40 yana gwada na'urar sanyaya inji. In fitila ta kama a allon direba, sai an sa kwamfuta ta karanta ciwon. Makanikanmu gwanaye ne, sun raya Peugeot da Toyota shekaru bayan maƙeransu sun fid da rai, amma ƙaramin ƙarfen da babu irinsa a Damagaram ko Kano sai an yi odarsa, shi ma ya biyo hanyar da motar ta biyo, da jirginta da duwan ɗinta da jiranta.

Kada a ɗauka motar Turai mai gudu ba ta taɓa cin wannan ƙasa ba. A ƙarshen 1924 motocin Citroën guda 8, masu sarƙa a madadin tayoyin baya, suka iso Damagaram daga Aljeriya ta Yamai, suka wuce gabas zuwa tafkin Cadi. A watan Janairu na 1986 kuwa gasar Pari-Dakar ta ratso Tenere daga Agadas zuwa Dirku, ta gangaro Agadem, ta nufo Damagaram, kuma motar da ta lashe gasar a shekarar Porsche 959 ce, René Metge na tuƙi, Jacky Ickx na biye da shi a irinta. Sai dai a dubi abin da kamfanin ya yi kafin ya kai ga haka. A 1985 ya kawo motoci uku, ko ɗaya ba ta isa Dakar ba. A 1986 ya ɗaga cikin motar ya kai wajen santimita 30, ya sa mata tankunan mai na lita 330, ya rage ƙarfin injin zuwa doki 400 don ya jure man da ake samu a hanya. Da kamfanin ya fitar da wata 911 mai suna Dakar a 2022, guda 2,500 kacal, don tunawa da waɗancan shekaru, iyakar ɗagawarta santimita 19 ce, har yanzu ƙasa da Land Cruiser ɗin da ke kai fasinja Tasker.

A gasar 1986 ɗin nan mota ta uku injiniyan kamfanin ne da kansa, Roland Kussmaul, ya tuƙa ta, yana bin sauran biyun da kayan gyara, bayansa kuma ga manyan motoci cike da tayoyi da makanikai. Shi ne ya zo na shida.